Gasar rubutu a kan littafin Anthem: tambayoyin da ɗalibai da iyaye suke yi mini a zangon Kumasi

Ni malamin Turanci ne, kuma ranar Asabar nakan zauna da 'yan sakandare daga unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba mu yi karatu na ƙarin lokaci. Tun da na fara sa wasu daga cikinsu su gwada wannan gasa, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawo mini, wasu daga yaran, wasu daga iyayensu a bakin masallaci ko a waya bayan isha'i. Na tara su nan da amsoshin da na saba bayarwa. Ba ni nake shirya gasar ba, kuma ba ni da wata alaƙa da masu shirya ta.

Malam, wace gasa ce wannan, kuma su wa suke shirya ta?

Wata cibiya ce a jihar Kalifoniya ta Amurka, Ayn Rand Institute, wadda aka kafa a 1985 don yaɗa tunanin marubuciya Ayn Rand. Duk shekara tana sa ɗalibai su karanta ɗaya daga cikin littattafan matar su rubuta maƙala da Turanci. Littattafan uku ne: Anthem, da The Fountainhead na 1943, da Atlas Shrugged na 1957. Mu a kan Anthem muke aiki, don shi ne ƙaramin cikinsu. Bai kai kalma 20,000 ba, babi 12 ne, yaro mai himma zai gama shi tsakanin Juma'a da Lahadi. Na biyun ya kai shafi 700, na ukun ya haura 1,000, kuma ban ga ɗan SHS (babbar sakandare) da yake shirin WASSCE (jarrabawar kammala ta) da zai ɗauki wannan kaya ba.

A sani tun yanzu, cibiyar ba don Allah take raba kuɗi ba. So take matasa su karanta Rand, wasu su kamu da ra'ayinta. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, su da kansu suna faɗa. Na fi son uba ya san haka daga bakina kafin ya ji daga wani.

Ɗan Ghana zai iya shiga? Daga wane aji?

Zai iya. Ana karɓar ɗalibai daga ƙasashen duniya, ba sai ɗan Amurka ba. Su suna ƙirga aji daga 1 zuwa 12 a jere, mu kuma muna da firamare shida, JHS (ƙaramar sakandare) uku, SHS uku. Saboda haka ajinsu na 8 shi ne JHS 2 namu, na 9 shi ne JHS 3, na 10 zuwa 12 su ne SHS 1 zuwa 3. In ka ga fom ya tambayi ajinka, da wannan lissafi za ka cika. Sharuɗɗan kowace shekara, da ranar rufewa, da tambayoyin da za a amsa, duk suna shafin cibiyar a intanet, kuma sukan sauya, don haka kada a dogara da takardar bara da wani ya turo a WhatsApp.

Nawa ake biya?

Ko pesewa ɗaya. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi ta MoMo (tura kuɗi ta waya) don ya yi maka rajista ko ya sa sunanka a gaba, ɗan damfara ne.

To me littafin yake cewa?

Labarin wata duniya ce ta can gaba, bayan an rushe duk ilimin da ɗan Adam ya tara an koma zaman kyandir. A wannan gari an shafe kalmar "ni" daga harshe gaba ɗaya. Mutum ɗaya in zai yi maganar kansa "mu" zai ce, in zai yi maganar wani mutum ɗaya "su" zai ce. Wanda ya furta haramtacciyar kalmar ƙona shi ake yi a dandali, kuma jarumin labarin ya ga an yi wa wani haka yana ɗan shekara 10. Ba a raɗa suna, sai dai a ba ka wata kalma da lamba. Shi ana kiransa Equality 7-2521, ma'ana Daidaito da lamba a gefe. Bai san uwarsa ba, bai san ubansa ba, a gidan jarirai na hukuma ya tashi, ya yi makaranta daga shekara 5 zuwa 15. Laifinsa tun yana yaro shi ne ya fi sauran tsawo kuma ya fi su saurin ganewa. Ya so a kai shi gidan masana, sai majalisar rabon sana'a ta ce mai sharar titi zai zama har ya kai shekara 40, lokacin da ake kwashe mutum a kai shi gidan waɗanda amfaninsu ya ƙare.

Wata rana yana shara shi da abokinsa suka ci karo da ramin da ya kai su wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa, ragowar mutanen da. Nan ya riƙa sulalewa da dare yana gwaje-gwaje da wayoyi da tarkacen da ya tsinta, har ya gano lantarki, ya haɗa akwatin gilashi mai ba da haske ba tare da wuta ba. Aka kama shi ya makara, aka yi masa bulala, ya ƙi faɗin inda yake zuwa. Ya tsere ya kai akwatin gaban majalisar masana ta duniya yana zaton za su yi murna. Suka firgita. Suka ce abin da ba a taru aka yi ba ba zai zama alheri ba, kuma wannan haske zai kashe ma'aikatar kyandir, alhali sai da aka yi shekara 50 kafin dukkan majalisu su amince da kyandir ɗin. Ya fasa taga ya gudu daji. Yarinyar da yake so, Liberty 5-3000, mai aikin gona, ta bi sawunsa. Can a kan duwatsu suka sami wani tsohon gida cike da littattafai, a cikinsu ya tsinci kalmar da ya daɗe yana lalube. Babi na 11 shi ne farkon inda ya ce "ni".

Yaran Kumasi ba sa buƙatar dogon bayani a kan wurin kyandir ɗin nan. Wanda ya yi karatun jarrabawa da tocila a shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta, dariya yake fara yi in mun iso shafin, sannan ya yi shiru.

Wace ce ita marubuciyar?

An haife ta a 1905 a birnin San Fitasbag na Rasha, sunanta na yanka Alisa Rosenbaum. Ubanta yana da kantin magani, 'yan juyin juya halin Kwaminis suka ƙwace shi tana yarinya, iyalin suka shiga wahala. Ta bar ƙasar ta isa Amurka a 1926, ba ta sake komawa ba, ta rasu a New York a 1982. Ta rubuta Anthem a 1937. A Ingila aka fara buga shi a 1938, sai a 1946 ya fito a Amurka. Wanda ya san wannan tarihi zai gane zafin da ke cikin littafin: ta ga an ƙwace guminsu da sunan jama'a, kuma har ta mutu duk inda ta ji an ce "don jama'a" sai ta tambaya wa za a yanka da wannan suna.

Malam, gaskiya na ji an ce matar nan ba ta yarda da Allah ba. Ta yaya zan bar ɗana ya karanta littafinta?

Alhaji, abin da ka ji gaskiya ne, ba ta yarda ba, kuma ba ta ɓoye ba. Zan ƙara maka da abin da ba a gaya maka ba. A ƙarshen babi na 11 jarumin ya ɗaukaka kalmar "ni" har ya kira ta abin bauta. Akwai kuma wurin da hukuma take haɗa maza da mata sau ɗaya a shekara don haihuwa kawai, wanda littafin ya nuna a matsayin abin ƙyama, sannan jarumin da yarinyar sun zauna tare a daji ba wanda ya ɗaura musu aure. Ba a yi batsa a rubutun ba, amma abubuwan suna nan.

Dalilina na karantar da shi duk da haka: ɗanka yana da waya, kuma abin da yake shigowa ta cikinta kullum ya fi wannan littafi nisa da tarbiyyarmu, sai dai ba wanda yake zama da shi ya ce to, mu tsaya, me wannan yake nufi, ina ya yi daidai, ina ya ɓata. A ajinmu haka muke yi. In mun zo wurin da ya kira "ni" abin bauta, yaran da kansu suke kawo maganar Iblis da ya ce shi ya fi Adamu, a Suratul A'araf, da Fir'auna da ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, a Suratun Nazi'at. Sun taso suna jin tsofaffi in za su ce "ni" sai sun ƙara da neman tsari daga kalmar. Amma kuma su ne suke tuno cewa a Suratu Maryam an ce kowa zai zo ranar ƙiyama shi kaɗai, kuma an maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Wato addinin da ya hana ka girman kai shi ne kuma ya ce da sunanka za a kira ka, ba da sunan unguwarku ba. Yaron da ya riƙe waɗannan biyun a kansa ya fi ƙarfin littafi mai shafi ɗari.

In duk da haka ranka bai kwanta ba, ka karanta shi da kanka ko ka sa yayansa ya karanta maka. In ka ce a'a, a'a ce, ba zan sa yaro a bayan idon ubansa ba.

Wannan "ra'ayin mutum shi kaɗai" ba son kai ba ne kawai aka yi wa kwalliya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, kuma a nan nake ganin ɗan zango yana da abin faɗa da ɗan Amurka ba shi da shi.

Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta ɗauke abin da Rand take nufi. In ka ce son kai, zagi ne. In ka ce tsayuwa da ƙafarka, yabo ne. In ka ce cin gashin kai, ya danganta da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa. Ita kuwa da gangan ta haɗa su, har ta fitar da littafi a 1964 da ta sa wa suna da ke nufin son kai halin kirki ne. Abin da take cewa shi ne: hankalinka naka ne, ba wanda zai yi tunani a madadinka, rayuwarka ba bashi ba ce da kake biyan wasu, kuma kada ka sadaukar da kanka don wani ko ka sadaukar da wani don kanka. Taimako a wurinta zaɓi ne, ba wajibi ba. Nan muka rabu da ita, don mu muna da zakka, muna da haƙƙin iyaye da na maƙwabci, kuma ba a tambayi ra'ayinmu ba kafin a ɗora mana su.

Amma mu duba namu da gaskiya. Karin maganarmu ta kasu biyu. Mun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun ce tsintsiya ɗaya ba ta shara, abin dariya kuma jarumin littafin da tsintsiya yake yini. Mu ɗin dai muka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Zango kansa haka aka gina shi. Fataken goro da suka biyo hanyar Gwanja ta Salaga, kowanne ya bar garinsu shi kaɗai don neman na kansa, ba majalisar da ta aiko shi. Da ya iso kuma sai ya sauka a gidan mai masauki, aka ba shi ɗaki da tuwo, aka tsaya masa a ciniki. Mutum ne ya yanke shawarar tafiya, jama'a ce ta karɓe shi. "Mu" na zango, a asalinsa, "mu" ne da mutane suka zaɓa suka shiga da ƙafarsu. Na cikin littafin kuwa da bulala aka ɗora shi. Ɗalibin da ya iya bambance waɗannan biyun a rubuce, da hujja daga babi-babi, ya riga ya yi rabin maƙala. Zai ma lura cewa a babin ƙarshe jarumin yana shirin komawa ya ɗauko abokansa, wato shi ma bai iya zama shi kaɗai ba, so yake ya zaɓi waɗanda zai zauna da su.

Akwai kuma inda littafin ya taɓa mu a wurin da yake ciwo. A zango, "an ce" ya fi kowane sarki iko. An ce yarinya in ta yi karatu da yawa ba ta samun miji. An ce ɗan gidan mahauta fawa zai yi. Wa ya ce? Ba wanda ya sani, amma yara nawa aka cire daga makaranta saboda shi. Harshenmu yana da wannan "an" da yake ɓoye mai aiki: an fasa, an ƙi, an hana. Wata ɗalibata ta taɓa cewa majalisar rabon sana'a ta cikin littafin ta fi ta gidansu adalci, don ita aƙalla ana ganin fuskokin mutanen da suka yanke hukuncin. Ban ba ta amsa ba, na ce ta rubuta.

Sannan mun san ɗacin a yi maka hukunci da sunan taro. A Nuwamba 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar, kuma a zangunan Kumasi da Accra guguwar ta kwashi har waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. Ba a tambayi kowa shi wane ne ba, an ga dai daga inda kakansa ya fito. Har gobe yaro yakan je neman aiki, da ya faɗi unguwarsu sai fuskar mai ɗaukar aikin ta sauya. Wanda aka yi wa haka ya san amfanin a dube ka a matsayin kai, mutum ɗaya mai suna.

Dole sai na yarda da ita kafin in ci?

Masu gasar sun daɗe suna cewa abin da suke dubawa shi ne ko ɗalibi ya iya kafa hujja ya kare matsayinsa, da tsabtar rubutu da tsarinsa, da kuma zurfin fahimtar ma'anar littafin, ba wai ko ra'ayinsa ya zo ɗaya da nasu ba. Ni dai ina ƙara wa yarana da cewa alƙalan mutane ne masu ƙaunar littafin. In za ka saɓa mata, sai ka fara nuna ka fahimce ta fiye da mai goyon bayanta, ka faɗi hujjarta yadda ita da kanta za ta ce e, haka nake nufi, sannan ka nuna inda ta gaza. Wanda ya buɗe da wa'azi tun layin farko bai amsa tambayar da aka yi masa ba.

Abin da ba na yarda da shi shi ne yaro ya rubuta abin da bai yi imani da shi ba don dala. Ana ganewa ma. Rubutun yakan fito kamar rigar aro.

Ni mace ce, kuma yadda yarinyar cikin littafin take bin sa bai yi mini ba. Zan iya rubuta haka?

Ki rubuta, in tambayar da kika zaɓa ta ba da ƙofa. Kin ga abin da manyan masu sharhi suka gani. A farko Liberty 5-3000 ba ta da tsoro, ita ta tsallake doka ta shiga daji ita kaɗai. Ita ce ma ta fara jin ciwon rashin kalmar, lokacin da ta so ta ce masa tana son sa amma "muna son ku" ya ƙi ɗaukar abin da ke ranta, ta yi ta kewaye-kewaye. Amma a ƙarshe shi ya zaɓa wa kansa suna Prometheus, shi kuma ya zaɓa mata Gaea, ita ta amsa kawai. Littafin da yake cewa kowa ya mallaki kansa, ya bar mutum ɗaya tana cewa yadda ka so. Ki kawo wuraren da lambar babi, kada ki tsaya a kan "bai yi mini ba".

Yaya tsawon maƙalar, kuma ta ina zan fara?

An saba ba da tambayoyi uku a zaɓi ɗaya, kuma iyakar da aka daɗe ana sawa ga Anthem ita ce kalma 600 zuwa 1,200. Ka tabbatar da ta bana a shafinsu. Ka tuna maƙalar Turanci ta WASSCE wajen kalma 450 ce, ta BECE (jarrabawar kammala JHS) wajen 250, wato wannan ta ninka abin da hannunka ya saba, kuma ba irin ta jarrabawa ba ce da ake cika layi don maki.

Karatu biyu nake sa yarana su yi. Na farko don labari, ba biro. Na biyu da littafin rubutu a gefe, bayan sun zaɓi tambaya, suna rubuta duk wurin da ya shafe ta da lambar babinsa. Daga nan sai in ce kowa ya faɗa mini amsarsa da Hausa, a jimla ɗaya, kamar yana gaya wa kakarsa. Wanda ya kasa, bai shirya ba, ko da Turancinsa ya kai na BBC. Wannan jimla ita ce za ta koma Turanci ta zauna a sakin layi na farko, sauran maƙalar kuma hujjojinta ne, kowane sakin layi da hujja ɗaya da shaidarta daga littafin.

Kada ka ba da labarin daga farko zuwa ƙarshe. Alƙalan sun karanta shi sau ba adadi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cinye kalmomin yara: sai su kashe 700 wajen gaya mana ya tsinci rami, ya haɗa fitila, ya gudu daji, a bar wa tunaninsu layi biyar.

Zan iya kawo misali daga Ghana ko daga rayuwata?

In tambayar ta nemi haka, ko in misalin zai haska hujjarka a layi uku ko huɗu. Amma littafin ne gaba. Wasu sukan ɗauko zamanin Nkrumah, dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958, da mayar da ƙasa jam'iyya ɗaya a 1964, da mutuwar ɗan adawa J. B. Danquah a kurkukun Nsawam a 1965. Abubuwan sun faru, sai dai mutumin da ya yi su shi ne ya gina madatsar ruwan Akosombo da muke shan wutarta, don haka in ka kwatanta shi da majalisar da ta ƙi lantarki sai ka yi taka-tsantsan, kada misalin ya juyo ya sare ka. Sau da yawa ƙaramin abu daga gidanku, wanda kai kaɗai ka gani, ya fi babban tarihi aiki.

Turancina ba shi da ƙarfi. In haƙura?

Kada ka haƙura. Turancin littafin mai sauƙi ne, gajerun jimloli, abin da yake rikitarwa kawai shi ne "mu" da "su" da ake faɗa wa mutum ɗaya, kuma bayan shafi biyar za ka saba. Ga mu ma abin bai yi nisa ba, tunda da "ku" muke gaida babba shi kaɗai.

Kuskure ɗaya nake gani a kusan kowace takarda. Hausarmu ta nan ba ta cika raba namiji da mace ba, mukan ce "ya zo" ko Amina ce ta zo, kuma yaren Asante da muke ji kullum a kasuwar Kejetia shi ma bai raba ba. Sai yaro ya kwashe wannan ya kai Turanci, ya kira Liberty da lamirin namiji a layi ɗaya, na mace a layi na gaba. In ka gama, ka bi takardar sau ɗaya don wannan kaɗai. Sannan ka karanta ta da ƙarfi, inda numfashinka ya yanke jimlar ta yi tsawo. Manyan kalmomin da ka haddace don burge mai maki, bar su a gida.

Malam ko yayana zai iya gyara mini? ChatGPT fa?

Malami zai iya karantawa ya ce nan ban gane ba, nan ba ka kawo shaida ba. Ba zai rubuta maka ba, ni ma ba na yi, ko an roƙe ni. Maƙalar dole ta zama aikinka, kuma satar rubutu tana fitar da mutum daga gasar. Kwafe sharhin intanet ko sa na'ura ta rubuta maka, kayan aro ne, ba ya rufe katara. Na taɓa karɓar takardu uku a Asabar ɗaya da suka buɗe da jimla iri ɗaya, har waƙafi. Na ajiye su a jere a kan benci na ce masu su su zo su nuna mini wanda ya ce "ni" a cikinsu.

Me ake ci?

Kuɗi ne da dala, ga na ɗaya da wasu da suka biyo baya, adadin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Dubban ɗalibai suke shiga, yawancinsu Turanci ne harshen gidansu, don haka Hajiya kada a fara lissafin kuɗin makaranta da shi. Abin da na tabbata yaro zai samu shi ne ya karanta littafi guda daga bango zuwa bango, ya rubuta kalma dubu da hujja, kuma wannan zai bi shi har jami'ar KNUST ko ta Legon.

Ina zan sami littafin?

Kyauta yake a shafin Project Gutenberg, kuma bai da nauyi, data kaɗan zai ci ka sauke shi a waya. In ido yana ciwo da karatun waya, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku buga kwafi ɗaya a shagon buga takardu ku riƙa karɓa-karɓa.

Ba ni da kwamfuta, kuma WASSCE tana tafe. Yaya zan yi?

In kana SHS 3 ko JHS 3 kuma ranar rufewa ta faɗo kusa da jarrabawa, jarrabawa ce gaba, ba gardama. Waɗanda na fi matsa wa su ne 'yan SHS 1 da 2, musamman lokacin da suke gida hutu.

Ta intanet ake turawa, don haka kana buƙatar adireshin imel naka na kanka wanda kake buɗewa, ba na mai shagon intanet ba. Rubuta komai da hannu tukuna, ka gyara a takarda har ka gamsu, ka ƙirga kalmomin, sannan ka je shago ka buga, don kada ka biya kuɗin awa kana tunani. Ana iya bugawa a waya ma, sai dai a kula da yadda take sauya kalma da kanta. Da ka gama ka tura wa kanka kwafi ta imel. Ka rubuta sunanka yadda yake a takardun makaranta, kada ka sa laƙabin unguwa. Ranar rufewa kuma da agogon Amurka ake lissafa ta, amma kada wannan ya ruɗe ka ka jira daren ƙarshe. Ka tura saura kwana uku, don wutar Aboabo ba ta san da gasarka ba, kuma in ta tafi da magariba shagon ma rufewa yake yi.